Difrans Mai Riƙo a Motar Yaya

Motar ba da ƙafafunta ta shigo gidanmu ba. A cikin akwatunan katako aka kawo ta, aka jibge a hosh, wato filin tsakar gidan da muke haya a unguwar Bani Harisa ta Madina tun Baba yana da rai. Wani mutumin unguwar Al-Sih ne ya yi odarta daga ƙasar waje, irin motar nan da ake sayarwa gunduwa-gunduwa, mutum ya haɗa abarsa da hannunsa. Ya fara, ya gaji, ya nemi mai saye. Yayanmu, wanda aikinsa ke nan gyaran manyan bas-bas masu kwasar masu umara daga Bi'ir Ali zuwa Makka, ya ji labari ya je ya kwaso ta. Abin da ke cikin akwatunan bai wuce ƙwarangwal na bututun ƙarfe ba, da kujeru biyu, da bodi marar nauyi wanda ni kaɗai ina iya ɗaga gefensa. Babu rufi, babu inji. Injin da aksil ɗin baya a tashlih ya samo su, inda ake yanka matattun motoci a sayar da kayan cikinsu.

Mu uku Umma ta haifa. Yaya a Kano aka haife shi aka zo da shi a goye, ni da Auta kuma a nan Madina. Yaya Hausa yake yi mana. Auta yana ji sarai, amma da Larabci yake amsawa, ni kuwa ina tsakiya, kowa da harshen da nake bi da shi. Yaya mutum ne mai saurin hannu. Da fambel ɗin mota Baba ya rene shi, muna yara na sha ganin bayansa ya yi ruɗu-ruɗu, kuma da Baba ya rasu sai ya ɗauki tarbiyyar Auta daga inda aka tsaya, da irin kayan aikin da ya sani. Har yau kunnen Auta na hagu ba ya ji sosai saboda wani mari da ya sha yana sakandare. A lokacin da motar ta zo Auta ya zama cikakken mutum, da gemunsa, yana aiki a shagon gyaran waya, ya ma fi Yaya tsawo da faɗin kafaɗa. Amma in Yaya ya ɗaga murya sai ka ga ya karkatar da kai gefe yana jiran abin da zai sauka.

Watannin da suka yi suna haɗa motar su ne mafi daɗi da na sani a tsakaninsu. Keken ɗinkina yana jikin tagar da ke kallon hosh, ina ɗinka abayoyin mutane ina kallonsu. Bayan la'asar sai su canja kaya su fita, Yaya yana walda, Auta yana riƙe masa. Wayoyin lantarki kuwa gaba ɗaya Auta ne ya ja su, don a nan ya fi ƙarfi. Duka bai tsaya ba, ya dai ragu: ranƙwashi da gindin sifana, ko a hankaɗe shi in ya tare haske. Ranar da injin ya fara tashi ba a riga an ɗaura salansa ba, gilasan tagogi suka yi ta karkarwa, Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana salati. Su biyun suna ta dariya, har Yaya ya dafa kafaɗar Auta ya girgiza shi.

Irin wannan mota ba a ba ta lamba, don haka ba ta hawa titi. Wata Juma'a da safe, lokacin sanyi, suka ɗora ta a bayan motar ɗaukar mota aka fita da ita bayan gari, wajen harra, inda baƙaƙen duwatsu suka rufe ƙasa, sai 'yan hanyoyin masu raƙuma da kwaruruka masu yashi. Na bi su a motar gida, don tunda na yi lasin ni nake kai Umma duk inda za ta. Ita ta ce ba za ta je kallon hauka ba.

Da farko komai lafiya lau. A cikin kwari motar gudu take kamar an harbo ta, suna zagayawa suna dawowa, ƙura ta rufe su. Sannan Yaya ya nufi wani hawa da ke fita daga kwarin, gefe ɗaya dutse mai tauri, ɗaya gefen tsakuwa da yashi. A tsakiyar hawan ta kafe. Tayar baya ta dama, wadda ke kan tsakuwa, ta shiga juyawa a banza tana haƙa rami, ta hagu da ke kan dutse ko motsi ba ta yi. Yaya ya ce Auta ya sauka ya tura. Auta ya sa kafaɗa a baya, Yaya ya take totur har ƙasa, tayar ta kwaso duwatsu ta watsa masa a fuska. Ina tsaye daga ƙasa na ji ƙarar kamar ana jifan kwanon rufi. Auta ya saki motar ya durƙusa, hannu a fuska, yana kiran Yaya ya ɗaga ƙafa, amma injin ya fi ƙarfin muryarsa kuma Yaya bai waiwayo ba. Sai da na hau da gudu na yi ta dukan bodin da tafin hannu sannan ya kashe.

Wani dutse ya tsaga masa gira har ƙashi, wani ya fasa leɓe ya karya haƙorin gaba. Jini ya rufe ido ɗaya, gaban rigarsa ya rine. Na dunƙule gefen mayafina na danne masa girar. Abin da Yaya ya fara faɗa da ya sauko shi ne, wane irin jaki ne zai tsaya a bayan tayar da ke juyawa. Auta ya tofar da jini da guntun haƙori, ya ce ba tsayuwarsa ce ta jawo ba, difrans ne.

A ranar na fara jin kalmar, amma kafin ɗinkin girar ya warke na haddace ta. Difrans wani dunƙulen ƙarfe ne kamar tukunya a tsakiyar aksil ɗin baya, shi ke raba ƙarfin inji ga tayoyin biyu. Wanda ke jikin motarsu sakakke ne: in taya ɗaya ta rasa abin kamawa sai duk ƙarfin ya tsere ta wajenta, ɗayar ta zauna. Akwai kuma wani iri mai riƙo, wanda da zarar taya ɗaya ta fara sulɓi sai ya kama, ya tilasta wa 'yar'uwarta ta yi aiki. Irin wannan ne Auta yake so a saka. Ya ce motar da aka haɗa don jeji, in ba za ta iya hawa tudu ba, to wahalar me suka sha.

Yaya ya ce a'a. Ya ce motar gajera ce, ba ta da nauyi, kuma injin ya fi ƙarfinta. Da sakakke, in mutum ya cika wuta a kwana, taya ɗaya ce za ta sulɓe, ɗayar ta riƙe motar a hanya. Da mai riƙo kuwa duka biyun za su saki lokaci guda, bayan motar ya zagayo gaba kafin mutum ya ƙifta ido. Ya ce gara ta yi ta kafewa ana tono ta da a je a kwaso gawa. Muna cin abincin rana ne suke wannan musun. Auta, da kumburarren leɓensa, kansa a sunkuye kan faranti, ya ce wannan matsalar direban da bai iya ba ce.

Kofin shayin da ke hannun Yaya ya wuce ta gefen kunnensa ya tarwatse a bango, ruwan zafi ya fallatsa wa Umma a dantse. Auta ya miƙe ya fita hosh. Yaya ya bi shi, ya cakumi wuyan rigarsa ya haɗa shi da ƙofar ƙarfe, ya yi ta gwara kansa a jikinta har ɗinkin girar ya ɓalle, jini ya sake sauka. Auta hannayensa suna ƙasa, bai ɗaga su ba. Umma ce ta rataye a wuyan Yaya tana haɗa shi da Allah, sannan ya sake shi. Na mayar da Auta asibiti aka sake ɗinkewa, muka ce musu zamewa ya yi a banɗaki.

Na zaci magana ta mutu a nan. Bayan wasu makonni sai ga ɗan aike da wani kwali mai nauyi daga Jidda. Auta ya buɗe shi a tsakiyar hosh, bai ɓoye ba. Difrans ne mai riƙo, na hannu amma mai kyau, an shafe shi da mai an naɗe a leda. Yaya ya dawo daga aiki ya tarar da shi, ya juya shi da ƙafa.

"Ka mayar da shi inda ka samo," in ji shi. "Motata ce. Ranar da na gan shi a jikinta, hannun da ya ɗaura shi zan karya."

"Motarka?" in ji Auta. Da Hausa ya faɗa, kuma bai karkatar da kai ba. Yaya ya kalle shi kamar zai yi wani abu, sai aka kira sallar magariba, ya wuce ya yi alwala.

Umma ta samu kowa a ɗakinsa. Ta ce wa Yaya ya ji tsoron Allah, ƙaninsa ba yaro ba ne yanzu. Ta ce wa Auta ya yi haƙuri, babba babba ne. Ni na ce masa ya sayar da abin ya huta, masu irin waɗannan motocin suna nema. Ya ce, Abla, haka yake kirana kamar yadda 'yan Hijaz ke kiran yayyensu mata, shi ba rigima yake so ba. Gwadawa kawai zai yi. In ya saka motar ta yi abin da Yaya ya ce, da hannunsa zai cire ya jefar. Abin da ba zai iya ba shi ne a hana shi gwadawa a motar da shi ma fatar hannunsa ta saɓule a kanta.

Lokacin cunkoson umara ya zo, bas-bas ba sa hutawa, Yaya yana fita da asuba ba ya dawowa sai bayan isha. Wata rana Auta ya ɗauki hutu daga shago. Da hantsi ya ɗaga bayan motar da jak, ya cire tayoyin biyu. Ƙarfen tokare guda ɗaya ya samu a gida, Yaya ya tafi da ɗayan wurin aiki, sai ya jera bulo a ɗaya gefen ya ɗora katako a kai. Na leƙo ta taga na ce masa bulon nan bai kwanta mini ba. Ya ce motar da ba ta kai nauyin firji biyu ba. Kafin azahar ya sauke tsohon difrans ya ajiye a kan kwali, ya yi sallah, ya koma ƙarƙashi ya kwanta rigingine da sabon a kan ƙirjinsa yana neman daidaita shi.

Sai ga Yaya. Wani kayan aiki ya dawo ɗauka. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya kalli tsohon difrans yana tsiyayar baƙin mai, ya kalli ƙafafun Auta da suka leƙo daga ƙarƙashin motar. Ya kama idon sawunsa biyu ya fizgo shi a kan siminti, sabon difrans ya mirgino daga ƙirjinsa ya faɗi gefe. Kafin Auta ya yunƙura ya haye ruwan cikinsa. Naushin farko a hanci ya sauka, daga ɗaki na ji ƙarar. Na bar keken na fito da gudu ba takalmi. Na tarar ya danne masa hannun dama a ƙasa da gwiwa, yana laluben babbar sifana da ɗaya hannun. Na kama damtsensa, ya yarfar da ni, bakina ya daki gefen tankin ruwa. Ina daga ƙasa na ga ya ɗaga sifanar ya sauke a kan yatsun Auta.

Ƙarar da Auta ya yi ban taɓa jin irinta a bakin mutum ba. Ya miƙe da Yaya a jikinsa kamar wanda ya ɗauki buhu. Ya sa masa goshi a baki, ya rungume shi ta ƙugu ya ɗaga sama, ya maka shi da jikin motar. Bulon ya murƙushe. Motar ta zame daga kan ƙarfen tokare ta sauko gaba ɗaya, kuma ƙafar Yaya ta hagu tana miƙe a ƙarƙashi. Tunda babu taya, faifan birki ne ya sauka a kan ƙwaurinsa. Sautin kamar an karya rake.

Yaya bai yi kuka ba, numfashi kawai yake ja ta haƙora, yana dukan siminti da tafi. Auta ya tsaya yana tangaɗi, jini yana zuba daga hancinsa cikin gemu, yatsunsa biyu sun juya inda yatsu ba sa kallo. Ya sunkuya ya ɗauki wani dogon bututun ƙarfe da hagu, ya zo ya tsaya a kan Yaya. Na so in yi magana, bakina cike da jini. Yaya ya ɗago ido ya kalle shi.

"To, bismillah," ya ce.

Ban san lokacin da Umma ta fito ba. Da hijabin sallarta ta zo, ta ratsa ta tsakaninsu, ta ɗora tafin hannunta a ƙirjin Auta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗaga masa motar."

Ya ɗan jima yana kallo ta saman kanta. Sannan ya juya, ya tura guntun bulo da ƙafa, ya cusa bututun ƙarƙashin ƙwarangwal ɗin, ya danna da hannun hagu da duk nauyin jikinsa. Motar ta ɗaga kaɗan. Ni da Umma muka kama Yaya ta hammata muka ja. Jikinsa ya fito, ƙafar ta biyo baya a karkace, ƙashi ya huda fata ya leƙo ta cikin yagaggen wando. A nan ne ya suma. Na ɗauko abayar da nake ɗinki na ɗaure saman gwiwar da ƙarfi yadda jinin zai ragu. Wani maƙwabcinmu mai walda, mutumin Nijar, ya ji hayaniya ya shigo, shi ya taya mu ɗaukarsa zuwa mota. Na ja motar, Umma a gefena tana ta addu'a, su biyun a baya, karyayyar ƙafar Yaya a kan cinyar Auta.

Irin wannan rauni asibiti ba sa barinsa sai sun sanar. Askar, wato ɗan sanda, ya zo da yamma, ya tambayi kowa shi kaɗai. Yaya, da ya farfaɗo, ya ce mota ce ta faɗo masa, ƙaninsa kuma garin ɗaga ta ya ji ciwo a hannu da fuska. Auta bai ji abin da ya faɗa ba, amma kusan haka ya faɗa shi ma. Askar ɗin ya kalli leɓena, na ce tanki na yi karo da shi ina gudu. Ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce Allah Ya sawwaƙe, ya tafi. Mun san abin da ƙara za ta jawo wa baƙi masu zama da igama, wato takardar izinin zama, shi ma na tabbata ya sani.

An yi wa Yaya aiki, aka sake yi, aka kafa wasu ƙarafa da suka huda ƙwaurin suka fito waje. Ya daɗe a kwance. Umma can take wuni. Auta bai sake taka ɗakin ba tun ranar farko. An gyara masa hanci, an naɗe hannun daman da filasta har kusa da gwiwar hannu, ya dawo gida ya zauna a hosh yana kallon motar. Da ya ɗan ji dama sai ya sayo ƙarafan tokare sababbi, ya kira maƙwabcin nan ya taya shi ɗagawa, ya shiga ƙarƙashi da hannu ɗaya. Ya ɗauki kwanaki, yana riƙe noti da haƙora, yana tokare ƙarfe da gwiwa, amma ya ɗaura difrans mai riƙon.

Da ya gama ya zo ya tsaya a tagata ya ce yana buƙatar hannuna. Zai iya riƙe sitiyari da hagu, amma giya a dama take, filasta ba za ta bar shi ba. Ni zan riƙa sa masa giya in ya taka kuloci. Na ce ya bari ya warke. Ya ce in ya warke Yaya ma ya dawo. Na san ko da ni ko ba ni zai tafi, sai na ɗauki mayafina.

Wurin nan dai muka koma. Ramin da tayar ta haƙa yana nan. Ya ɗaure ni da bel mai ratsa kafaɗu biyu, ya ɗaure kansa, ya ce in sa ta ɗaya. Muka nufi hawan. Na ji tayar dama ta fara sulɓi, sai wani abu ya kama a ƙarƙashinmu, motar ta tura mu gaba kamar an hankaɗo ta daga baya. Ta haye ko tsayawa ba ta yi ba. Auta ya daki sitiyari da goshi yana dariya, hawaye suna bin kumburarrun idanunsa. Ya ce in sa ta biyu.

A saman tudun fili ne mai tauri, da 'yar tsakuwa a barbaje. Ya ba ta wuta, ya karya hagu don mu zagayo mu sake sauka. Ban ga lokacin da abin ya fara ba. Na dai ga duwatsun da ke gabanmu sun koma gefe, sun koma baya, Auta yana kokawa da sitiyari da hannu ɗaya, har ya kai karyayyen hannun ya kama. Gefen motar ya daki wani katon dutse, ta yi sama ta kifa a gefensa. Bel ɗin ya riƙe ni ina rataye a kansa, na ji wani abu ya ɓalle a kafaɗata. Injin yana ta kuka, tayoyin baya biyu suna juyawa tare a iska, fetur yana ɗiga a wuyana. Auta ya lalubi makulli ya kashe. Filastarsa ta tarwatse, yatsun sun sake gocewa. Da hagu ya kwance mini bel, na faɗo a kansa, muka rarrafa muka fita muka yi nisa da ita. Wani makiyayin raƙuma, Basudane, ya hango ƙura ya zo da a-kori-kurarsa, shi ya fitar da mu titi.

Ƙashin wuyana ne ya karye, wanda ke tsakanin kafaɗa da maƙogwaro. Asibitin da Yaya yake nan aka kai mu. Umma ta sauko daga wajensa ta same ni an rataye mini hannu, ta kalli Auta ana sake jan yatsunsa yana cizon rigarsa. Ba ta yi mana faɗa ba. Washegari ta sa aka ɗauko motar daga harra aka dawo da ita hosh, ta kira mutanen tashlih. Sun so su ɗauke ta a yadda take, don sun ce tana gyaruwa. Ta ce a'a, a gabanta za su yanka ta, ba za ta tura wa wata uwar wannan abin ba. Ta sa kujera ta zauna. Wunin ranar injin yanka ƙarfe yana kuka, tartsatsi yana tashi har bisa katanga, suna fitar da ita gunduwa-gunduwa. Auta yana ɗakinsa, ƙofa a rufe. Da hannun ya warke ya nemi canjin aiki zuwa Yanbu, ya tafi kafin a sallamo Yaya.

Yaya ya dawo da sanduna biyu, ya rame, ƙarafan suna nan a ƙafarsa. Likita ya ce zai taka, amma shiga ƙarƙashin bas ya ƙare. Umma ta riga ta gaya masa komai a asibiti, don haka da ya ga hosh wayam bai yi tambaya ba. Ya yi kwanaki ba ya magana da kowa in ba dole ba. Wata rana da hantsi ya dogaro ya shigo ɗakina, ya zauna a bakin gado, ya miƙe ƙafar da hannu biyu.

"Ta hau?" ya ce.

Na ce ta hau, ko tsayawa ba ta yi ba.

"Sannan?"

Na ce sannan a sama ta juya da mu. Ya tambayi irin ƙasar wurin, na gaya masa. Ya tambayi giyar da muke, na ce ta biyu, ni na saka. Ya ɗago ya kalle ni, ya ce kamar yaya ni na saka. Ashe wannan Umma ba ta gaya masa ba. Na ce Auta da hagu kaɗai yake tuƙi, daman tana cikin filasta.

Ya kalli ƙafarsa. Jijiyar gefen kansa tana harbawa, na zaci zai yi jifa da sanda. Sai ya ce, to ai ba a gwada komai ba ke nan. Da hannu ɗaya, ko da wane difrans ne za ta iya juyawa, kuma da hannu biyu wataƙila da ya tare ta. Ya ce yanzu babu wanda zai taɓa sani.

Ya ce in kira masa Auta a wayata, don ya san ba zai ɗauki tasa ba. Na kira, ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira ya ɗauka, na ce ga Yaya, na miƙa masa wayar, sai Auta ya kashe. Yaya ya miƙo mini wayar, ya tattara sandunansa ya fita.

Sun fi shekara ba su yi magana ba. Ciwon sukarin Umma ne ya tashi aka kwantar da ita, dole suka riƙa waya kan magani da wanda zai kwana. Yanzu Yaya yana zaune a kantin kayan gyara na kamfanin da yake yi wa aiki, yana ɗingishi. Auta yana Yanbu, ya yi aure can, yakan zo da sallah ya kwana biyu. In sun zauna a falo maganar jikin Umma suke yi, da zafin bana, da cunkoson hanyar Makka, ni kuma ina kawo shayi.